Daga Taiwan zuwa Gwarzo da Kabo: Kokawar kamfanonin aisi da rabonmu a cikinta

Ranar kasuwa a Getso, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, layi ya miƙe a gaban rumfar mai POS. Wani ya sayar da bijimi, yana jiran kuɗi su shigo kafin ya saki igiya. Wani ya auni masara buhu biyar, an ciri kuɗi a asusunsa amma ba su isa wurin mai hatsi ba. Mai POS ya ɗaga na'urarsa sama, ya juya gabas, ya juya yamma, yana maimaita abin da kowa ya saba ji: sabis ne ya ɗauke.

Can a bayan gari ƙarfen sabis na tsaye cikin shingen waya, janareta na ruri a gindinsa. Wanda ya ɗaga kai zai hangi dogayen fararen eriyoyi a ƙololuwa, a ƙarƙashinsu kuma an ɗaure wasu akwatuna masu ruwan toka. A cikin akwatunan nan ne ake sarrafa muryar mai kira da saƙon banki, su tashi a iska su isa inda aka aike su.

Idan aka kwance ɗaya daga cikinsu za a tarar da koren allon lantarki, an jera masa baƙaƙen ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, waɗanda masu gyaran waya ke kira aisi. A cikin dangin aisi akwai wata da ake kira FPGA, wadda kamfanonin kayan sadarwa suka daɗe suna dogara da ita. Manyan kamfanonin da ke zana ta ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba, masana'antun da ke iya ƙera mafi inganci daga cikinta kuwa ba su wuce uku ba a duniya. Ƙawance da gabar da ke tsakaninsu suna taɓa kuɗin kiran waya, da na'urar sikanin a asibiti, da makomar ɗaliban fasaha a Gwarzo da Kabo.

Mece ce FPGA?

Yawancin aisi, aikinsu ɗaya ne tun daga ranar da aka ƙera su. Wadda aka yi domin caji ba za ta taɓa sarrafa hoto ba. Idan an yi kuskure a zanenta, sai dai a zubar a sake wata.

FPGA ta sha bamban. Misalinta shi ne allon makarantar allo idan aka kwatanta shi da littafin da aka buga a maɗaba'a. Littafi, abin da aka buga ya zauna ke nan. Allo kuwa a rubuta, a wanke, a sake rubuta wani karatun. Cikin FPGA akwai dubban ƙananan ɗakunan lissafi, a manyansu har miliyoyi, da wayoyi masu ɗimbin yawa da ke ratsa tsakaninsu. Injiniya ne ke tsara wane ɗaki zai haɗu da wane, ta hanyar rubuta umarni da ɗaya daga harsuna biyu na wannan sana'a, Verilog ko VHDL. Duk lokacin da aka kunna na'ura, sai aisin ta ɗauki wannan tsari ta zama abin da aka ce ta zama.

Amfanin wannan a fili yake. Kamfanin da ya kafa akwati a kan ƙarfen sabis zai iya sauya yadda yake aiki daga nesa, ba tare da an hau an kwance shi ba. Shi ya sa a farkon zuwan 4G da 5G, lokacin da ƙa'idojin fasahar ba su gama daidaita ba, masu ƙera kayan sadarwa suka rungume ta. Ana samunta kuma a na'urorin sikanin da na hoton ƙashi, da manyan allunan bidiyo da ake kafawa a wuraren taro, da jiragen sama, da makamai. Motocin binciken da Amurka ta sauke a duniyar Mars ma suna ɗauke da ita.

Illarta ita ce tsada da cin wuta. Wanda zai ƙera na'ura miliyan goma, gara ya kashe miliyoyin daloli ya zana aisi tasa ta musamman, daga baya kowace ɗaya ta zo masa da araha. Wanda zai ƙera ɗari biyar ko dubu biyu kuwa, FPGA ce rufin asirinsa. Kamfanin Nokia ya ɗanɗana wannan lissafi: aisin da ya zana wa kayansa na 5G ta yi jinkiri, ya koma kan FPGA, kuɗin ƙira ya yi sama, riba ta ragu. A watan Oktoban 2019 ya dakatar da raba riba, darajar hannun jarinsa ta faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari a rana guda.

Kamfanin da ba shi da masana'anta

Wani injiniya ɗan Amurka, Ross Freeman, shi ya ƙirƙiro FPGA. Yana aiki a kamfanin Zilog ya kawo shawarar, ba a karɓa ba. A 1984 ya fita tare da Bernard Vonderschmitt da James Barnett suka kafa Xilinx a jihar Kalifoniya. A 1985 suka fito da ta farko, mai suna XC2064, wadda ɗakunan lissafinta 64 ne kacal. Manyan na yau suna ɗauke da biliyoyin taransista.

A wancan zamani, duk kamfanin aisi da ke son a ɗauke shi da muhimmanci sai ya gina masana'antarsa. Su Freeman ba su da kuɗin. Vonderschmitt ya san mutanen kamfanin Seiko na Japan tun yana aiki a RCA, sai ya nemi su riƙa ƙera musu. Xilinx ta yi zane a Amurka, Seiko ta ƙera a Japan, kowa ya ci ribarsa.

Shekara guda kafin kafa Xilinx, a 1983, an kafa Altera, ita ma a Kalifoniya, ita ma ba ta da masana'anta. Waɗannan biyu suka zama manyan abokan hamayya na shekara 30. A shekarun ƙarshe na wannan lokaci, fiye da kashi 80 cikin ɗari na kasuwar na hannunsu: Xilinx na riƙe da kusan rabi, Altera na biye da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Sauran sai Lattice, wadda ta ƙware a ƙananan aisi masu ƙarancin cin wuta, da Actel, wadda ta yi suna a kayan tauraron ɗan'adam, ta faɗa hannun Microsemi a 2010, sannan Microchip ta saye Microsemi ɗin a 2018.

A 1987 Morris Chang ya kafa TSMC a Taiwan da wata manufa da ba a saba da ita ba: masana'antar da ba ta sayar da aisi da sunanta, aikinta kawai ta ƙera wa masu zane. Wannan ya ba kamfanoni marasa masana'anta ƙafar tsayuwa. Yau TSMC na riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na kasuwar ƙira ta kwangila a duniya.

Wanda ya fi abokin ƙira shi ke gaba

A wannan kasuwa, zane mai kyau kaɗai ba ya kai kamfani ga nasara. Ana auna ci gaban ƙira da nanomita, kuma duk lokacin da lambar ta ragu, aisi na ƙara sauri, tana rage cin wuta, tana ɗaukar ƙarin lissafi. Kamfanin da abokin ƙirarsa ya riga kai wa sabon mataki shi ke kwashe kwangilolin shekaru masu zuwa, domin mai ƙera kayan sadarwa idan ya zaɓi aisi, ya zaɓa ke nan har ƙarshen rayuwar na'urar.

Tun shekarun 1990 Altera ta liƙe wa TSMC. Xilinx kuwa ta fi dogara da UMC, ita ma a Taiwan, ta kuma gwada IBM da Toshiba da Samsung. A 2008 Altera ta riga ta fito da aisi ta nanomita 40. Xilinx ta ji zafin wannan, a 2010 ta sanar da komawa TSMC domin matakin nanomita 28. Abokan hamayya biyu suka wayi gari a layi ɗaya, masana'anta guda ke yi musu aiki.

Altera ba ta ji daɗin haka ba, domin fifikon da take taƙama da shi ya kau. A watan Fabrairun 2013 ta ƙulla yarjejeniya da Intel, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a fasahar ƙira, domin ya ƙera mata a nanomita 14. Masu lura da kasuwa da yawa suka ɗauka ta gama da Xilinx.

Abin bai tafi haka ba. Aikin ya yi ta jan ƙafa. Xilinx ta fara fitar da aisinta ta nanomita 16 daga TSMC a 2015, babbar aisin Altera mai suna Stratix 10 kuwa sai wajen ƙarshen 2016 samfurinta ya fara isa hannun abokan ciniki. Daga baya Intel ya sake makalewa shekaru a matakin nanomita 10, TSMC ta wuce shi. Zaɓen abokin ƙira guda ɗaya ya sauya alƙiblar gasar gaba ɗaya.

Manya sun haɗiye su

A 2015 Intel ya saye Altera ɗungurungum a kan dala biliyan 16.7. Hasashensa shi ne manyan cibiyoyin ajiyar bayanai za su koma amfani da FPGA, musamman ganin Microsoft ya fara saka ta a kwamfutocin da ke gudanar da manhajar bincikensa ta Bing. Babban abokin hamayyar Intel, wato AMD, ya sanar da sayen Xilinx a watan Oktoban 2020. Cinikin ya kammala a Fabrairun 2022, darajarsa ta kai kimanin dala biliyan 49.

Sai dai guguwar ƙirƙirarriyar basira da ta taso ba FPGA ta ɗaga ba, aisin kamfanin Nvidia ta ɗaga. Intel ya shiga matsin kuɗi, a watan Afrilun 2025 ya sanar da sayar da kashi 51 cikin ɗari na Altera ga kamfanin zuba jari na Silver Lake. An yi wa Altera ƙimar dala biliyan 8.75, wato kusan rabin abin da aka saye ta shekara 10 kafin nan.

Masu ƙera ƙananan na'urori sun daɗe suna kokawa cewa tunda manya suka shigo, hankali ya koma kan aisi masu tsada na cibiyoyin bayanai, an yi sakaci da ƙanana masu araha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lattice ta faɗaɗa kasuwarta tana ƙira a Samsung da TSMC, kamfanonin Sin irin su Gowin da Anlogic da Pango kuma suka danno da kaya masu sauƙin kuɗi.

Siyasa ta shigo kasuwa

Da yake FPGA na shiga rada da makamai masu linzami, gwamnatoci ba sa kallonta a matsayin haja kawai. A watan Satumban 2017 Shugaba Donald Trump ya hana wani kamfanin zuba jari mai alaƙa da Sin sayen Lattice a kan kimanin dala biliyan 1.3. A watan Afrilun 2018 Amurka ta haramta sayar wa kamfanin ZTE na Sin kayanta, cikin 'yan makonni kamfanin ya sanar da tsayar da manyan ayyukansa, sai da aka janye haramcin ya farfaɗo. A Mayun 2019 aka saka Huawei, shi ma na Sin, a jerin kamfanonin da aka ƙuntata wa ciniki. Xilinx ta rasa ɗaya daga manyan abokan cinikinta, a farkon 2020 ta rage ma'aikata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kaso mai yawa na kayan da ke kan ƙarafunan sabis a Nijeriya na Huawei da ZTE ne, tare da na Ericsson da Nokia. Rigimar Washington da Beijing tana iya yanke hukunci a kan irin akwatin da za a ɗaura a Kabo ko Garo, da kuma kuɗinsa.

Sannan annobar korona ta zo. Daga 2020 zuwa 2022 aisi ta yi ƙaranci a duniya, wasu nau'o'in FPGA sai mai saye ya jira shekara guda ko fiye. A 2021 fari ya afka wa Taiwan har aka riƙa kai wa masana'antu ruwa da tankoki. Duniya ta farga cewa ta jingina rayuwarta da tsibiri guda, wanda Sin ke cewa yankinta ne. Amurka ta kafa dokar tallafin kimanin dala biliyan 52 a 2022 domin a dawo da ƙira gida, TSMC ta gina masana'anta a Arizona da kuma Kumamoto ta Japan, Indiya ma a 2024 ta amince da masana'antar da kamfanin Tata zai gina a Gujarat tare da wani kamfanin Taiwan.

Yadda abin ke isowa Gwarzo da Kabo

Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, tana iyaka da jihar Katsina. Mutanen yankin sun ga abin da rashin sabis ke nufi a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da ke maƙwabtaka. Sun sake gani a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardun naira suka ɓace, ciniki ya koma kan turawa ta waya. Tun daga nan sabis ya shiga sahun ruwa da hanya a jerin buƙatun kasuwa.

Hanya ta farko da kokawar kamfanonin aisi ke iso mana ita ce farashi. Da dala ake sayen kowane akwati da ke kan ƙarfe. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa wajen 1,500 cikin shekara guda. Kamfanonin sadarwa suka yi ta ƙorafin tsadar kaya da man dizal, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince musu da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Idan kaya suka yi tsada ko ƙaranci, birane ake fara yi wa sabon aiki. An fara 5G a Nijeriya a 2022, Kano na cikin biranen farko, amma ƙauyuka da dama har yanzu fafutukar samun 4G mai ƙarfi suke yi.

Hanya ta biyu ita ce gyara. A teburin mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut, za ka ga saurayi ya duƙufa a kan gilashin ƙara girma, bulowa a hannun dama, hantsaki a hagu. Yana hura iska mai zafi har dalma ta narke, ya ɗaga aisin da ba ta kai farcen yatsa ba, ya share gurbin, ya sake jera ƙwayoyin dalmar da ke ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma samarin Gwarzo da Kabo da yawa a can suka koyo ta suka dawo gida suka buɗe shago.

Amma idan aka kawo masa allon na'urar sikanin da FPGA ɗinta ta samu matsala, hannunsa kaɗai ba zai wadatar ba. Tsarin da ke sa ta aiki mallakin kamfanin da ya ƙera na'urar ne, sau da yawa ma a kulle yake da lambar sirri. Abin da ya rage shi ne a yi odar sabon allo daga waje, da dala, a jira watanni. Wannan na cikin dalilan da ke sa ake ganin na'urori masu tsada an lulluɓe su da zane a kusurwar ɗaki, mai juna biyu kuma ta hau mota zuwa birni domin hoton da ya kamata a yi mata a garinsu.

Masana'anta ko ilimi?

Idan aka tayar da wannan zance, ra'ayi kan kasu uku.

Kashi na farko suna ganin maganar ta yi mana nisa. Manomi na neman taki, yara na zaune a ƙasa a aji, har gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. A ganinsu, a gyara firamare da wutar lantarki tukuna. Suna da gaskiya a kan cewa ba a gina injiniya a kan yaron da bai iya lissafi ba.

Kashi na biyu suna son Nijeriya ta gina tata masana'antar, tunda muna da yashi da ma'adinai da matasa. Kishinsu abin yabo ne, amma lissafin ba ya goyon bayansu. Masana'antar zamani guda ɗaya na cin dala biliyan 20 ko fiye. Kasafin kuɗin jihar Kano na 2025 kimanin naira biliyan 700 ne, ke nan sai an tara irinsa na kusan shekara 40. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar layuka, kamfani ɗaya ne tak ke yin sa a duniya, ASML na ƙasar Holan. Masana'antar kuma ba ta jure ƙiftawar wuta: a Fabrairun 2021 ɗaukewar lantarki ta tsayar da masana'antar Samsung da ke Texas na makonni, aka yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Mu kuwa ƙasar gaba ɗaya megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa.

Kashi na uku, waɗanda galibinsu injiniyoyi ne da malaman fasaha, suna nuni da tarihin Xilinx kanta. Kamfanin da aka saya a kan dala biliyan 49 bai mallaki masana'antar ƙera aisi ba. Dukiyarsa mutane ne masu iya zane, da manhajar da suka rubuta, da ƙawancen da suka iya ƙullawa. Wannan ita ce ƙofar da take buɗe ga wanda ba shi da jari mai nauyi.

Akwai misalai. A 1972 Intel ya buɗe ƙaramar masana'antar haɗa kaya a Penang ta Malesiya, a filin da ake noman shinkafa. Daga haɗa kaya mutanen wurin suka hau zuwa zane, har Altera ta kafa ɗaya daga manyan cibiyoyin bincikenta a can. A Masar ma akwai injiniyoyi masu yawa a Alƙahira da ke yi wa kamfanonin duniya aikin zanen aisi.

Masu shakka na cewa duk wanda aka horar zai tsere waje. Wasu za su tafi, babu musu. Sai dai wannan aiki ne da ake iya yi daga ko'ina muddin akwai kwamfuta da intanet da wutar sola, kuma waɗanda suka tafi ɗin su ne kan zama gadar da kwangila ke biyowa ta dawo gida, kamar yadda ya faru a Indiya da Taiwan.

Damar da ke gaban Kabo

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo, daga baya aka ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. A kan titin Gwarzo kuma sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake, da tsangayar injiniyancinta mai dogon tarihi. Wannan titi guda ya haɗa duk abin da ake buƙata domin a fara.

Gasar da ake yi a kasuwar ta sauko da kuɗin shiga ƙasa warwas. Ƙaramin allon koyo mai ɗauke da FPGA ta Gowin ko Lattice ana samunsa a ƙasa da dala 30, bai kai kuɗin matsakaiciyar waya ba. Manyan kamfanonin na ba da wani ɓangare na manhajojinsu, Vivado da Quartus, kyauta ga masu koyo. Akwai kuma manhajoji na kowa da kowa irin su Yosys, da tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta na RISC-V wanda ba a biyan lasisi a kansa. Ɗalibi kan fara da sa ɗan ƙwan fitila ya riƙa ƙiftawa. Bayan 'yan watanni yana iya gina ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da hannunsa, ya ga tana bin umarninsa.

Ayyukan da za a sa a gaba kuma suna nan a ƙofar gida: na'urar sarrafa famfon sola ga masu noman rani a madatsar Guzu-Guzu, na'urar auna danshin hatsi ga 'yan kasuwar Getso, inbatar da ta dace da zafinmu da ƙurarmu, da ƙwararrun da za su iya buɗe na'urar asibiti su gane ciwonta. Ba duka ne ke buƙatar FPGA ba, amma wanda ya iya ta, sauran ba za su gagare shi ba.

A kula da abu ɗaya da tarihin Altera ya koyar: kada a ɗaura makoma ga abokin hulɗa guda. Makarantar da ta koyar da kayan kamfani ɗaya kaɗai, ranar da siyasa ko ciniki ya juya, ɗalibanta ne za su shiga uku. A koyar da tushen ilimin, a gwada shi a kan na Amurka da na Sin baki ɗaya.

Kano ta taɓa yin irin wannan hangen nesa. Madatsun ruwan da aka gina zamanin Audu Bako har yau su ake noma da su. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 su suka samar da ɗimbin likitoci da injiniyoyin da jihar ke alfahari da su. Waɗanda suka kafa su ba su jira komai ya daidaita ba kafin su fara.

Kira ga shugabannin sabuwar jami'ar Kabo, da asusun TETFund, da hukumomin NITDA da NASENI, da wakilan yankin a majalisu: a ware ɗaki guda mai wutar sola da intanet, a zuba allunan koyo, a tura malamai horo, a kuma buɗe ƙofa ga masu gyaran waya da ke son ƙarin ilimi ko da ba su da takardar digiri. Attajiran Gwarzo da Kabo su ma su sa hannu, domin kuɗin mota ɗaya ya isa ya cika ɗakin da kaya. Iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwa a kan lissafi da kimiyya tun daga firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma lokacin farawa shi ne yanzu.